Yadda ake bayar da jan ambulan na kuɗi a bukukuwan Sinawa

Duk wanda harka ta haɗa shi da Sinawa, ɗan kasuwa ne mai zuwa Guangzhou ko Yiwu sarin kaya, ɗalibi ne, ko ma'aikaci a kamfaninsu, wata rana sai an miƙo masa jan ambulan, ko kuma an zuba masa ido ana jiran ya miƙa. A harshen Mandarin sunansa hongbao. Mutanen Hong Kong da Guangdong, lardin da Guangzhou take ciki, suna cewa lai see, a Singafo da Malesiya kuma an fi jin ang pao. Abu ɗaya ne: kuɗi a cikin jar takarda, da fatan alheri a baki.

Yawan kuɗin ba shi ne ke jawo wa baƙo kunya ba. Abin da ke jawo ta shi ne ba wanda bai kamata ba, ko saka adadin da ke da mugun fata, ko miƙawa da hannu ɗaya ana kallon waya. Yuan 20 da aka bayar bisa tsari ta fi yuan 400 da aka bayar da ganganci.

Fara da sanin wa ke ba wa

A bikin sabuwar shekarar Sinawa, ambulan daga sama yake gangarowa ƙasa. Babba ke ba ƙarami, mai aure ke ba marar aure, maigida ke ba yaronsa. Idan ka riƙe wannan, ka tsira daga rabin kurakuran.

Sai dai kowane yanki da nasa ma'aunin girma. A Hong Kong da Guangdong da Singafo da Malesiya aure ne ma'auni. Ranar da ka yi aure ka fita daga sahun masu karɓa, ka shiga na masu bayarwa, ko da shekarunka 24. Gwauro mai shekara 40 kuwa yana iya ci gaba da karɓa daga 'yan uwa, sai dai zai sha tsiya da tambayar yaushe za a sha biki. A Hong Kong miji da mata kan ba da ambulan biyu ga kowane mutum, ɗaya a madadin miji ɗaya a madadin mata, musamman ga dangi da na kusa. A sassa da yawa na babban yankin Sin, musamman arewa, samun aiki ne ma'auni: wanda ya fara ɗaukar albashi ya daina karɓa, ya fara ba yaran dangi.

Wuri ɗaya ne ambulan ke hawa sama, wato daga 'ya'ya masu aiki zuwa ga iyaye da kakanni. Wannan girmamawa ce, kuma shi ne ya kamata ya fi kowane ambulan nauyi a hannunka. Amma maigidanka na wurin aiki ba ubanka ba ne. Kada ka ba shi. In ka yi, ko dai ya ga ka ɗauke shi yaronka, ko ya ga kana neman wani abu. Idan kana son kyautata masa, ka kai lemo ko akwatin shayi. In yana da ƙananan yara kuma an gayyace ka gida, su za ka ba.

Sa'o'inka ma ba a ba su a sabuwar shekara. Abokin cinikinka da kuke saye da sayarwa ba ya jiran ambulan daga gare ka, 'ya'yansa ne ke jira.

Lokaci

Sabuwar shekarar Sinawa, wadda suke kira bikin bazara, tana bin kalandarsu ta gargajiya, shi ya sa ranar ke motsi tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2025 ta faɗo 29 ga Janairu, a 2026 kuma 17 ga Fabrairu. Shagalin kwana 15 ne, ana rufe shi da bikin fitilu. A cikin gida ana fara rabon tun daren jajibiri, bayan an ci abincin haɗuwar iyali. Na wannan dare da ake ba yara shi ne yasuiqian, kuma a tatsuniyarsu kuɗin yana kare yaro daga wani aljani da ke taɓa goshin yara cikin barci, shi ya sa har yanzu wasu ke sa ambulan ƙarƙashin matashin kai.

Ga baƙo, ƙa'idar ita ce ka bayar a haɗuwarku ta farko a cikin kwanakin 15. Da zarar ka shiga gida an gaisa, ka bayar. Kada ka bari sai kana sa takalmi za ka fita, sai ya zama kamar ka tuna ne da ƙyar. Bayan bikin fitilu lokaci ya wuce, ba a rama bashi. A wurin aiki, masu kamfani da shugabannin sassa suna raba wa ma'aikata ranar farko ta komawa aiki. Idan kana da ma'aikata Sinawa, direba ko tafinta ko mai kula da sito, wannan ranar suke duba.

Sayen ambulan

Makonni kafin bikin za ka gan su ko'ina, a manyan kantuna da shagunan kayan rubutu, bankuna ma suna ba abokan hulɗarsu kyauta. Ja ne, yawanci da rubutun ruwan zinare. Matsalar wanda ba ya karanta rubutun Sinanci ita ce duk iri ɗaya yake ganinsu, alhali kowane da bikinsa.

Mafi aminci shi ne mai harafin fu, 福, wanda ke nufin albarka da sa'a. Yana shiga kusan kowane biki na farin ciki. Mai harafin 囍, wanda aka rubuta farin ciki sau biyu a manne, na aure ne kaɗai. Ba yaro shi a sabuwar shekara abin dariya ne. Mai harafin shou, na tsawon rai, na bikin cikar shekarun tsofaffi ne. Akwai kuma masu hoton dabbar shekara: 2025 maciji, 2026 doki. Waɗannan suna mutuwa da shekararsu, sai bayan shekara 12 dabbar za ta dawo, don haka kada ka sayi tuli. A Hong Kong ana sayar da waɗanda aka buga sunan zuriya a kansu, Chan ko Wong ko Lee. Wanda bai sani ba sai ya saya ya yi ta rabo da sunan gidan wasu. Tambayi mai shago kafin ka biya.

Farin ambulan kuwa ka nisance shi gaba ɗaya. Na gaisuwar mutuwa ne. Ko da ja ya ƙare maka a otal, gara ka ba da haƙuri ka kawo gobe da ka ɗauki farin ambulan na ofis.

Sayi manya masu tsawo waɗanda takardar kuɗi ke shiga a miƙe, sannan ƙanana kaɗan don ƙananan kyauta.

Kuɗin da ake sakawa

Sababbi ake so, masu ƙamshin banki. Sabuwar shekara ce, ba a buɗe ta da tsohuwar takarda mai datti da ta sha hannu. Saboda haka ne layi ke tsawo a bankunan Hong Kong da Singafo makonni biyu ko uku kafin bikin. Hukumomin kuɗi na wuraren biyu sun daɗe suna roƙon jama'a su karɓi takardun da aka taɓa amfani da su amma suna da tsafta, don rage buga sababbi, kuma mutane da yawa sun amince. To in ba ka sami sabuwa dal ba, zaɓi mai tsafta, marar yagewa, marar rubutu. Tsabar ƙarfe ba ta shiga ambulan na biki.

A babban yankin Sin takardar yuan 100 ita ce mafi girma, kuma ja ce, shi ya sa ta dace da aikin. Dalar Hong Kong 100 ma ja ce, haka dalar Singafo 10 da ringgit 10 na Malesiya. Takarda ɗaya ko biyu sun fi tarin ƙanana. Ambulan da ya kumbura da 'yan yuan ɗai-ɗai yana sa yaro murna kafin ya buɗe, iyayensa kuwa su san abin da ka yi.

Lissafin adadi

A nan aka fi yin tuntuɓe, domin Sinawa suna jin lamba da kunne. Furucin 4 ya yi kusa da furucin mutuwa a Mandarin da harshen Canton, na mutanen Hong Kong da Guangdong, duka. Saboda haka babu 4, babu 40, babu 400, babu 444. Takardu huɗu ma wasu ba sa so, ko da jimillar ta yi kyau. Furucin 8 ya yi kusa da na arziki, ita ce sarauniya: 88, 168, 188, 888. Lamba 6 tana nufin al'amura su tafi sumul, don haka 66 da 600 da 666 suna da kyau. Lamba 9 tana nuna ɗorewa, an fi ganinta a harkar aure.

Akwai wadda baƙi ba su cika sani ba, 250. A Mandarin zagi ce, ana kiran wawa da ita. Wanda ya raba 500 gida biyu don yara biyu ya faɗa ramin ba tare da ya sani ba. Ba su 200 kowanne, ko 300.

Ana son adadin da ke rabuwa biyu, domin a wurinsu alheri bibbiyu yake zuwa. Mara rabuwa na makoki ne. A Hong Kong kuɗin ta'aziyya ana ƙara masa dala ɗaya ya zama 101 ko 501 ko 1,001. Kada irin wannan adadi ya shiga jan ambulan. Wasu tsofaffi lambar farko suke dubawa, su ce 30 ko 70 ba su rabu ba, amma a aikace 50 da 100 da 500 suna wucewa ba wanda ya ɗaga gira.

Nawa za a saka? Ya danganta da gari da kusanci. A biranen babban yankin Sin, ɗan aboki ko ɗan abokin aiki yawanci yuan 100 zuwa 200 ne, 'ya'yan 'yan uwa na jini sun fi haka, iyaye kuma daga 500 zuwa dubbai gwargwadon ƙarfin mutum. Guangdong daban take. Duk da arzikin lardin, an san mutanensa da ƙananan lai see, yuan 5, 10, 20 ko 50, amma suna ba kowa, har maƙwabta da mai gadi. A Fujian da Zhejiang da Shanghai adadin ya fi nauyi sosai. Ɗan kasuwar da ya saba da Guangzhou ya tafi Yiwu da ke Zhejiang da ambulan na yuan 10 zai ji kunya, wanda kuma ya yi akasin haka zai ɗora wa iyayen yaron nauyin ramawa. A Hong Kong dala 20 ita ce ta gama-gari ga mai gadin bene, mai shara da ma'aikacin gidan abincin da ka saba zuwa, 50 ko 100 ga na kusa. A Singafo ana haɗa takardun dala 2 a yi 6 ko 8, ko a sa 10. Idan kana shakka, tambayi wani ɗan garin da kuke sa'a. Ba abin kunya ba ne, su ma junansu suke tambaya.

Yaran da ke matsayi ɗaya a ba su daidai wa daida. Za su buɗe a ɗaki su gwada, kafin dare labari ya kai ga iyaye.

Sai batun ramawa. Idan an ba ɗanka 200, kai ma ka ba nasu 200 ko sama kaɗan. In kana da yara uku su suna da ɗaya, sun fitar da 600 kenan, to ambulan ɗin ɗansu tilo ya kamata ya matso kusa da haka. Ba wanda zai faɗa maka wannan, amma ana lissafawa.

Shiryawa tun a gida

Zauna da daddare ka rubuta sunayen waɗanda za ka gani, ka ware adadin kowa. Saka kuɗin a miƙe, in ambulan ƙarami ne ka ninka sau ɗaya kawai. Yi amfani da zane daban ga kowane adadi, misali mai furanni na 20, mai harafin fu na 100, ko ka ajiye su a aljihu daban-daban. Dalilin shi ne ba za ka iya buɗewa a gaban mutane ka leƙa ba, kuma an sha ba mai gadi na kaka, a ba kaka na mai gadi. Ƙara guda biyar ko goma na ƙananan kuɗi a jaka, domin gidan da ka je da lissafin yara biyu kana iya tarar da bakwai. Ba wasu a hana wasu a ɗaki ɗaya ya fi rashin bayarwa muni.

Na sabuwar shekara ba sai an rubuta suna ba, kuma mutane da yawa ba sa liƙe bakin da gam, sai su cusa leɓen kawai. Duba kowane ambulan kafin ka fita. Wanda aka miƙa babu komai a ciki ba ya gyaruwa da bayani.

Miƙawa da karɓa

Hannu biyu, rubutun yana fuskantar mai karɓa, kana kallonsa. A al'ada ƙarami ne ke fara gaisuwa, sannan babba ya miƙa. Gaisuwar da kowa ya sani ita ce gong xi fa cai a Mandarin, kung hei fat choi a harshen Canton, fatan arziki kenan. Xin nian kuai le barka da sabuwar shekara ce. Ga tsoho an fi son shen ti jian kang, fatan lafiyar jiki, ɗalibi kuma a yi masa fatan ci gaba a karatu. Ko furucinka ya karkace za su ji daɗi ka gwada. Yara suna da wasan da suke ƙarawa, gong xi fa cai, hongbao na lai, wato kawo ambulan. Daga bakin yaro abin dariya ne, daga bakin babba roƙo ne.

A wasu gidaje, musamman a karkarar arewa, jikoki suna durƙusawa su kai goshi ƙasa gaban kakanni kafin su karɓa. Wannan na 'yan gida ne, ba a sa ran baƙo ya yi.

Iyayen yaro za su ce a'a, ba sai ka yi ba, har su tura hannunka. Kara ce. Nace sau biyu ko uku, ka ce na yaro ne, don sa'a, ka sa a hannun yaron ko aljihunsa. Wanda ya mayar da ambulan aljihu a kan a'a ta farko bai fahimci wasan ba. Idan jariri ne, a ba uwar ko a sa cikin kayansa.

In kai ake ba, karɓa da hannu biyu, yi godiya, mayar da fatan alheri, ka adana. Kada ka buɗe a gaban mai bayarwa, kada ka ɗaga shi ga haske, kada ka matsa da yatsa kana auna kauri. Ka gargaɗi yaranka tun a hanya, domin su ne ke yage shi nan take su faɗi adadin da ƙarfi. Idan tsoho ne ya ba ka, ɗan nuna kara sau ɗaya ya isa, ƙin karɓa gaba ɗaya mayar masa da fatansa ne.

Gidan da aka yi rasuwa kwanan nan sau da yawa ba sa ziyara kuma ba sa rabon ambulan a shekarar. Tambaya kafin ka je musu da ja.

Na aure da na haihuwa

A bikin aure dokar ta canza. Kowa na bayarwa, mai aure da marar aure, kuma dole ka rubuta sunanka a bayan ambulan, da baƙin alƙalami ko na ruwan zinare. Ba a rubuta sunan mai rai da jan tawada. A ƙofar zauren liyafa akwai tebur inda dangi ke karɓa, a wurare da yawa su buɗe su ƙirga su rubuta a littafi a gabanka. Kada ka ji wani iri. Littafin tamkar na gudummawar biki ne da mata ke ajiyewa a ƙasar Hausa: ranar naka bikin za a buɗe shi a rama, daidai ko da ƙari.

Mafi ƙarancin abin da ake sa rai shi ne kuɗin kujerarka a liyafar. Biki a babban otal ya fi na gidan abincin unguwa tsada, kuma idan ku biyu ne za ku je, ka ninka. A Singafo har jadawalin farashin teburin otal-otal mutane ke dubawa kafin su sa kuɗi. In ba za ka samu zuwa ba, ka aika da ƙasa da haka ta hannun wani. Ango ma yana da nasa rabon: ƙawayen amarya suna tare ƙofa sai ya ba da ambulan, galibi mai tara-tara kamar 99 ko 999, domin a nan ɗorewar 9 ake dubawa, ba rabuwa biyu ba. A wajen miƙa shayi kuma, ango da amarya suna ba manya shayi, manyan su ba su ambulan ko zinare.

Jariri ana yi masa biki idan ya cika wata ɗaya, wasu kuma kwana 100. Ambulan mai harafin fu ya wadatar, da adadi mai 6 ko 8.

Ta waya

WeChat, manhajar hira da biyan kuɗi ta Sin, ta fito da jan ambulan na waya a farkon 2014, ya bazu sosai bayan shagalin talabijin na jajibirin sabuwar shekarar Sinawa ta 2015, manhajar biyan kuɗi ta Alipay ma tana da nata. Ambulan ɗaya na WeChat ba ya wuce yuan 200 a ranakun yau da kullum. A cikin rukuni kana iya sa jimilla ka faɗi yawan mutane, manhajar ta raba yadda ta ga dama, wani ya sami yuan 30 wani ya sami ƙasa da ɗaya. Wanda ba a buɗe ba cikin awa 24 yana komawa ga mai shi. Ladabin rukuni shi ne in ka kwasa ka yi godiya, kuma wani lokaci kai ma ka jefa naka. Mai kwasa kullum ba ya jefawa, ana lura da shi.

Kula da lambobi biyu: 520 tana nufin ina son ki, 1314 kuma har abada. Na masoya ne. Kada ka tura wa tafintarka ko matar abokin cinikinka 52.0 ko 520 don kawai adadin ya yi maka daɗi. Ga kakanni da surukai da kake iya zuwa wurinsu, na takarda a hannu ya fi na waya daraja nesa ba kusa ba.

Inda ambulan ke zama cin hanci

Jar takarda ba ta wanke kuɗi. Jami'in gwamnati, ɗan sanda, ma'aikacin kwastam, likitan asibiti, malamin da ke ba ka maki, duk ba a ba su, ko ranar sabuwar shekara ce. Hukumomin lafiya na Sin sun haramta wa likitoci karɓar ambulan daga marasa lafiya. A Hong Kong hukumar yaƙi da rashawa ta ICAC, wadda aka kafa a 1974, tana ɗaukar lai see a matsayin amfanin da doka ta sa wa ido, kuma dokar ta shafi ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu idan kyautar tana da alaƙa da aikinsu ba da izinin maigidansu ba. Ɗan kasuwa ya yi hattara da mai duba ingancin kaya ko jami'in saye na wani kamfani: in kana jiran sa hannunsa, ambulan ɗinka ba na biki ba ne. Kamfanoni da yawa suna da iyakar abin da ma'aikaci zai iya karɓa, tambayi ofishinsu kafin ka bayar.

A Malesiya da Singafo da Brunei, Musulmin Malay sun ɗauki tsarin suka mayar da shi nasu, suna ba yara kuɗin barka da sallah, duit raya, a cikin ambulan wanda aka fi sani da kore. Idan kana can, ja na maƙwabcinka Basine ne a bikin bazara, kore na maƙwabcinka Musulmi ne a ƙaramar sallah, kuma lissafin 4 da 8 bai shafi na biyun ba.